Bencinan Alhaji Attahiru

Gusau, Agusta 1997

Ƙanwata Halimatu Sadiya,

Bayan gaisuwa, ya Bungudu da ɗalibanki? Wannan magana tsakanina da ke ce. Ƙungiyarmu ta 'yan hatsi ta ce ba mai zama shugaba sai wanda ya ci Turanci a jarrabawar sakandare. Garba, abokin takarata, yana da takardar. Ni da na tashi daga dakon buhu har na mallaki motoci, ba ni da ita.

Na yi rajistar jarrabawar a wata makaranta a Tsafe, don kada yaran Gusau su gan ni riƙe da biro. Makarantar da na aika wa bencina bara ce, amma direba ne ya kai su, ba su san fuskata ba. Littafin da kika aiko kuwa, "since" da "for" sun tsaya mini a wuya. Ki warware mini, ban da dariya.

Yayanki,
Attahiru

Bungudu, Satumba 1997

Yaya,

Ina gaishe ka da girmamawa. "Since" na ranar da abu ya fara ne, "for" na tsawon lokacin da ya ɗauka. Jimlolin da ka aiko daga baya, rabi daidai ne, kuma na san za ka ce sauran ma Bature ne bai iya ba. Ka ci gaba, akwai alama.

Tsafe ce ke damuna. Akwai manomin da bai taɓa sayar maka da gero ba a can? Allah ya ba da sa'a.

Halimatu Sadiya

Gusau, Nuwamba 1997

Halimatu,

Sallama. Na je. Tun a bakin ƙofa mai gadi, mutumin 'Yankuzo, ya gane ni, ya ruga ya kira shugaban makaranta. Aka ce Alhaji ya zo ganin bencinansa. Aka kawo kujera da lemo. Katin jarrabawa yana aljihuna, hannuna a kai.

Shugaban ya roƙi in yi wa yara nasiha kafin a raba takarda. Na tashi na ce su dage, ilimi ba ya jiran kowa. Suka tafa. Daga inda nake ina hango lambata ta jarrabawa da aka rubuta da alli a kan benci na baya, ba kowa a kai.

Har mota suka rako ni.

Jibi za a naɗa Garba. Direba zai maido miki littafinki. Ki gai da maigidanki.

Attahiru