Layin Baya da Kika Yi Mini Alkawari

Sintali, Jalingo
14 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga ƙawata Mabel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da Mama da ƙannenki. Yaya ƙafar Mama? Mu nan da sauƙi. Masu zuwa gaisuwar rasuwa sun ragu, gidan ya yi shiru.

Na aika a kira ki ba ki zo ba, shi ya sa na ɗauki biro. Kin san karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Ina so in tuna miki wata magana. Lokacin da mijina Tobiya ya ce zai shiga ajinki na motsa jiki a filin firamare, na same ki a gida kina wanki. Na gaya miki likita ya ce yana da hawan jini, zuciyarsa kuma ba ta son wahala. Na ce Tobiya ya hana ni faɗa wa danginsa don kada hankalin tsohuwarsa ya tashi, amma ke dole ki sani, tunda usur a bakinki yake. Kika goge hannu a zane, kika ce in kwantar da hankalina, layin baya za ki sa shi, ƙarƙashin dogon yaro, inda tsofaffi ke tattaki a hankali suna ɗaga hannu.

Kin kuwa cika, ba zan ci haƙƙinki ba. Na sha ganin yadda kike tsince fasassun kwalabe a filin kafin a fara, kina korar duk wanda bai zo da ruwa ba, kina sallamar mutane tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Tobiya yakan dawo yana gunaguni wai kin mai da shi tsoho, ni kuwa ina gode miki a zuci.

Sai Asabar ɗin da 'yan talabijin suka zo ɗaukar ajin, don mutanen gida su riƙa bi. Sun makara, kuka jira su har rana ta take, ga zafin watan Maris. Mama Cynthia mai ƙosai ta ce da idonta ta ga kin jawo shi daga baya kin kai shi layin gaba, wai dogo ne, kuma shi ke da muryar ba da waƙa. Ke kin san Tobiya. Namijin da aka sa a gaba, mata na bayansa, hoto na kallonsa, ba zai taɓa cewa ya gaji ba. Ya yi ta tsalle yana waƙa har ya faɗi. Kafin a kai asibiti Ubangiji ya karɓe shi.

Ban ce kin kashe shi ba, Mabel. Abin da ke cin raina shi ne, ranar jana'iza kin gaya wa yayansa Baba Manasseh cewa ba wanda ya taɓa faɗa miki yana da ciwo. Yanzu danginsa na cewa na san ciwon na rufe wa kowa, har ke malamar, na bar shi ya tafi ya mutu. Sun ce macen da ta yi haka ba za ta riƙe musu 'ya'ya ba. Za a zauna Lahadi ta sama bayan sujada, a kan yarana, Peter da takwararki.

Ki zo ki faɗi gaskiya kawai. Ba sai kin ambaci layin gaba ba, ni ma ba zan ɗaga maganar ba. Ki ce na gaya miki, shi ke nan.

Ki gai da Mama.

Taki har kullum,
Murna


Sintali, Jalingo
5 ga Mayu, 1996

Mabel,

Ina gaishe ki, ina fata kin dawo lafiya. Yaya Mama da jiki?

An yi zaman. Na shimfiɗa miki tabarma kusa da ni, duk wanda ya yi sallama sai in ɗaga kai. Can ƙanwarki ta zo ta ce kin tafi Yola neman takalman wasa. Na faɗi tawa, Baba Manasseh ya tambayi shaida. Na kira Mama Cynthia, ta faɗi abin da ta gani a fili, amma aka ce wannan bai nuna na gaya miki komai ba. Gaskiyarsu ne, ranar wankin daga ni sai ke.

Na ji an ce da kin amsa kin sani, da an ƙwace miki shirin talabijin ɗin, mutane kuma su janye daga ajin. Wataƙila haka ne. Na yi ta juya abin ko zan sama miki uzuri. Tare muka yi tallar gyaɗa a Lau, ke kika riƙe mini hannu ranar da na haifi Peter. Da kin zo kin ce mini tsoro kike ji, wallahi da mun yi kuka tare, mu nemi dabara. Amma kin auna, kin ga tawa asarar ta fi sauƙi a wurinki.

Jiya aka tafi da yaran zuwa Lau, gidan Baba Manasseh. An ce zan iya ganinsu lokacin Kirsimeti. Peter bai yi kuka ba, ya dai ƙi kallona. Na ɗaure musu kayansu, na soya musu gyaɗa, na raka su tasha.

Fasto ya ce in yafe. Ina ƙoƙari, amma ba zan yi miki ƙarya ba, ban kai wurin ba tukuna. Kada ki aiko mini da komai.

Da mota za ta tashi, takwararki ta leƙo ta taga tana tambaya me ya hana Anti Mabel zuwa yi musu sallama. Na ce ban sani ba. Ta iya karatu yanzu, tana gidan Baba Manasseh. Ki rubuta mata amsar da kanki.

Ubangiji ya tsare ki.

Ni ce,
Murna, matar marigayi Tobiya