Yau Ya Ga Aikina a Talabijin

Laraba da dare, Yuli 1999, Gyadi-Gyadi

Na dawo daga asibiti bayan magariba, ban ɗora tuwo ba, Abban Hafsa sai cika yake yana batsewa. Ana cikin labarai aka ce hotunan da za a nuna masu tayar da hankali ne, a kau da yara. Na ja Hafsa ɗaki. Ashe hatsarin motar da muka yini a kansa ne.

Da na fito, ya kashe talabijin.

"Na gan ki, rigarki duk jini. Haka kike yini, Binta?"

Shekara shida da aurenmu, yau ya fara tambaya.

Ya fita ya sayo tsire da burodi, har shayi ya haɗa min. Sukari ya yi yawa, amma na shanye tas.