Kwalbar da na binne a ƙarƙashin randa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, domin da yawa a nan sun san muryata ko da ba su san fuskata ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni tsohon ma'aikacin rediyo ne, na yi shekaru ina karanta labarai a wata ƙasar Turai. Yanzu na yi ritaya ina zaune a Gusau ni kaɗai, matata ta rasu, ɗiyarmu ɗaya tilo tana wajen gwaggonta a Tsafe. A can Turai na yi haya a gidan wani tsoho a ƙauye, yana da 'yar gonar inabi, shi da kansa yake matsewa, ya ɗura a ganga, ya ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na sha. Duk Lahadi da rana yakan buɗe tsohuwar kwalba ta jar giya, ya hana ni taɓawa sai ta ɗan sha iska, sannan mu zauna a bakin gonar. Ba ya jin Hausa, ni ma yarensa kaɗan nake ji, amma ban sake samun abokin zama irinsa ba. Har yau ina tuna ɗanɗanon, kamar busasshen dabino da ɗan ɗacin goro daga ƙarshe, yana daɗewa a harshe.

Da aka haifi ɗiyata, sai ya ware mini kwalba ɗaya daga amfanin gonar wannan shekarar, ya rubuta sunanta a jiki da hannunsa, ya ce al'adarsu ce, ba a buɗewa sai ranar aurenta. Daga baya na tuba, na dawo gida, shekara goma sha tara ke nan ban kurɓa ba. Amma kwalbar na naɗo ta cikin riguna, na binne ta a jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa saboda zafi. Tsohon ya mutu, 'ya'yansa sun sayar da gonar, an tumɓuke itatuwan. Ko hotonsa ba ni da shi.

To yanzu saura mako uku a ɗaura auren yarinyar. Yayana, wanda limami ne a wani ƙauye a Bunguɗu, shi ne waliyyi. Ya zo mu gyara gida saboda baƙi, muka ɗaga randar tare, ya ga wuyan kwalba, ya zaro, ya karanta sunan. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Kai mai karanta wa duniya labarai, ashe naka yana nan a binne." Na ce masa wallahi Yaya ba na sha, ya ce to me take yi maka. Na ce zan bai wa wani maƙwabcina Kirista, ya ce mai bayarwa da mai sha duk zunubi ne. Ya ce ba zai tsaya waliyyi ba alhali wannan abu yana gidan uban amarya, zai dawo ranar Juma'a in fasa ta a gabansa.

Na san yana da gaskiya, ban zo neman fatawa ba. Na kuma san mai yiwuwa zafin Gusau ya lalata abin da ke ciki tun tuni. Amma tun rasuwar matata sai in yi kwana uku ba wanda ya yi mini sallama, nakan ja kujera kusa da randar nan in zauna, in ji kamar ba ni kaɗai ba ne.

Na yi tunanin in zubar da giyar in ajiye kwalbar saboda rubutun. Matsalar ita ce sai na cire murfin da hannuna, ƙamshin zai taso, kuma ban amince da kaina ba. Idan na miƙa wa Yaya, na san dutse zai sa mata.

Shin in bar shi ya fasa, in huta? Ko in gaya wa ɗiyata, tunda sunanta ne a jiki, alhali ba ta san ubanta ya taɓa sha ba? A cikinku ko akwai wanda ya bar abu shekara da shekaru, sannan ya buɗe shi da hannunsa ya zubar bai kai baki ba? Idan akwai, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi kafin Juma'a.