Bindigar Yaya Hudu Ajiya Ce, A Dawo Mana Da Ita

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisa mai wakiltar mazaɓarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Sabi'u, ɗalibin nan na Madina da ka sauka a ɗakinsa a Ƙiblatain cikin azumin bara, ka sha kunun gyaɗa, na kuma raka ka har Bi'ir Ali ka ɗaura harami. Na kira wayarka har na gaji, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na farko, ina tuna maka abin da ka faɗa. Ka ce gwamnati ta buƙaci mutanen ƙauyukanmu su ajiye makamai, kuma yayana Hudu, shugaban maharban garinmu, shi kaɗai ya cije, sauran na kallon bakinsa. Ka ce tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin kare ransa, za a yi wa bindigogin rajista ne kawai a mayar wa masu su da lasisi. Ni da hannuna na kira Yaya Hudu, na miƙa maka wayar. Da kuka gama ya ce da ni, "In dai ajiya ce, kuma a Madina ya faɗa, na yarda." Maƙwabcina Ammu Bakur, dattijon da aka haifa a nan, ya ja ni gefe ya ce, "Ya waladi, ɗan siyasa ko a Raula cikin Masallacin Annabi ya rantse, khalli balak," wato in yi hattara. Na yi masa dariya. Yau ko ido ba na iya haɗawa da shi.

Na biyu, Yaya bai yi boko ba. A Hausar da ya sani, abin da aka ajiye ajiya ne, yana da mai shi, ana kuma zuwa a karɓa. Kai ka san cewa a Hausar ofis "ajiye makami" na nufin an rabu ke nan. Ka ji ya fahimce ka a baibai, ka yi shiru don shirun ya yi maka daidai. Bayan ƙaramar salla ya kai bindigar da ya gada wajen babanmu, maharba suka bi sahunsa. Aka ba shi wata guntuwar takarda, ya naɗe ta a leda kamar laya. Sau uku yana zuwa sakatariya tambayar lasisi, ana ce masa oga ya fita.

Na uku, da kaka 'yan bindiga suka same shi a gona da rana tsaka yana yankan dawa. Lauje ne a hannunsa. Masu wankan gawarsa sun tarar da takardar nan a aljihun rigarsa.

Ranka ya daɗe, kada ka ɗauka ni mai son bindiga ne. Shekarata shida a garin nan, ko wuƙar yankan farce ban taɓa sawa a aljihu don tsoro ba, saboda hukuma ta ɗauke mini wannan nauyin. Haka nake so ƙauyenmu ya zama. Amma da ka je ta'aziyya, an ce motoci biyu na 'yan sanda ne suka rako ka, ko minti goma ba ka yi ba. To, mene ne ma'anar haƙƙin da ka karanto mana? Idan manomi ba shi da ikon riƙe makami, wajibi ne a tsare shi. Idan ba za a tsare shi ba, da wace hujja aka karɓe nasa? Kun hana shi wannan, kun hana shi wancan, kun bar masa takarda. Wallahi ka ci amanata, ka kuma sa na ci ta ɗan'uwana.

Buƙatuna kaɗan ne. Ka tashi a zauren majalisa ka nemi a fayyace wa talaka a fili, da Hausar da yake ji, ko yana da haƙƙin nan ko ba shi da shi. Ka sa a kai jami'an tsaro garinmu kafin damina, don ko saura ba a share ba saboda tsoro. Sannan ka dawo da bindigar. Fiƙihu nake karantawa, na kuma san idan mai ajiya ya rasu, magadansa ake miƙa wa. Ko an toshe bakinta da dalma, a kai wa mahaifiyarmu. Tun ranar rasuwar, duk sanda na kira ta, gaisuwa kawai take amsawa, sai ta ce, "Yaya baƙon naka?" ta miƙa wa wani wayar.

Allah Ya shirye ka, Ya tsare ka da iyalinka daga irin ranar da muka gani, Ya ba ka ikon sauke ajiyar nan tun a duniya.

Wassalam.

Sabi'u, ƙanin marigayi Hudu,
Ƙiblatain, Madina.