Farcen Aro

Mata de Guamo, 2 ga Maris

Zuwa ga 'yata Nohemí,

Allah Ya yi miki albarka. Ina gaishe ki da karatu da sanyin Bogotá. Mu nan rani ya yi rani, shanu sun koma fata da ƙashi, amma mun gode.

Kin san ni ba na kewaye-kewaye. Babanki ba shi da lafiya. Ƙanena ne, tun yana tsumma na san taurin kansa, sai da muka kusa ɗaure shi kamar maraƙi kafin ya yarda aka kai shi asibitin Yopal. Likita ya ce zuciya ce ta kumbura, ya hana shi gishiri da hawan doki. Shi kuwa Eliodoro ya ce likitan yaro ne, ba wata zuciya, Waliyyi Pascual ne yake ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Kina 'yar shekara shida maciji ya sare ki a hannun dama a gindin ayaba. Hannu ya yi baƙi, har ana zancen yankewa. Ran nan babanki ya durƙusa ya yi bakance: in Waliyyi ya bar miki hannun, to da wannan hannu za ki kaɗa masa arpa, babban molon nan namu mai tsirkiya da yawa, a rawarsa, daga faɗuwar rana har fitowarta. Waliyyi ya cika nasa. Mu ne muka yi ta ɗagawa, bari ta girma, bari ta gama sakandare, bari ta gama digiri. Yanzu ga ki a digiri na biyu, ni kuwa har yau ba a gaya mini laifin da na farkon ya yi ba.

To ya tsai da rana, sha bakwai ga Mayu, ranar Waliyyin. Ya ware maraƙin da za a gasa, ya sa an sake wa arpar gida tsirkiya. Tun da idonsa ya dushe sai kunnen ya ƙaru, kullum da yamma yana zaune yana ɗaura ta yana kwancewa, wai ba ta hau ba. Ki shirya ki zo. Alkawari kaya ne, kuma wannan kayan ya daɗe a kansa.

Gwaggonki,
Ercilia

*

Bogotá, 14 ga Maris

Gwaggo, ki sa mini albarka.

Wasiƙarki ta same ni lafiya, ta kuma hana ni cin abinci. Ki gaishe mini da Baba, ki ce ya bi maganar likita ko da yaro ne.

Gwaggo, ba ni da farce. Na san kin ga hannuna a Kirsimetin bara, kin ɗauka ƙyuya ce. Ranar da na fara shiga ajin Farfesa Amézquita, ko sunana ba ta tambaya ba ta miƙo mini abin yankan farce. Ta ce, "Nan ba ruga ba ce, 'yammata. Ki yanke, ko ki ja mini ƙofa." Arpar nan ba irin tamu ba ce. Ta fi ni tsayi, tana da feda bakwai da ake takawa da ƙafa, kuma da tsokar yatsa ake jan ta. In farce ya ɗan shafi tsirkiya sai ta yi ƙara kamar an ja kujera a siminti. Shekara biyu ina bororo yana fashewa kafin yatsuna su yi kanta. Tamu ta gida kuwa, ke ma kin sani, in ba farce muryarta ba ta wuce bakin ƙofa, balle ta tashi masu rawa.

Jarrabawata ta ƙarshe ashirin da biyu ga Mayu ce. Zan hau dandamali ni kaɗai in yi kiɗan awa guda a gaban malamai uku. An riga an ɗaga mini sau ɗaya bara, lokacin da arpar makaranta ta tsage, kuma doka ba ta ɗagawa sau biyu. In ina son farce ya kai a ranar Waliyyi, daga yau zan daina yankewa, in na daina yankewa kuma na daina gwaji ke nan. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kar ki ɗauka ina ganin takardar nan za ta mai da ni wata tsiya. Kujerun arpa a manyan ƙungiyoyin kiɗa na ƙasar nan ba su cika yatsun hannu biyu ba, waɗanda ke kai kuma lafiyarsu lau, ko mura ba sa yi. Wadda ta gama kafin ni tana kiɗa a otal ana cin abinci ana ba ta baya. Na san duk wannan. Amma ina son in gama, Gwaggo, ina so ƙwarai, ko don wahalar da yatsun nan suka sha.

Ki roƙar mini Baba ya mai da shi Yuli. Da na sauko daga dandamali zan bar farcen ya yi ta tsiro har ya gaji.

'Yarki,
Nohemí

*

Mata de Guamo, 29 ga Maris

Nohemí,

Albarka dai na sa miki, sauran kuma ki saurara.

Na karanta masa wasiƙarki, na tsallake inda ya kamata in tsallake. Da na zo kan Yuli sai ya ce, "Ercilia, Waliyyi rana ɗaya gare shi a shekara, makaranta ita ke da duk sauran. Wa ya kamata ya matsa wa wani?" Na ce, "Kai dai tsohon jaki ne." Ya ce, "To yayar jaki fa, me ce ce?" A nan muka tsaya.

Ke ma da hankalinki, wa ke yin rawa a Yuli? Ruwa ya cinye fili, sai kwalekwale. Ga kuma abin da ban karanta wa kowa ba. Likita ya ja ni gefe ya ce duk abin da za mu yi masa, mu yi kafin damina ta nutsa. Ƙafafunsa sun fara kumbura, takalminsa ba ya shiga.

Amma na samo miki dabara. 'Yar maƙwabciyarmu ta dawo daga Villavicencio da farata zaƙo-zaƙo kamar na shaho, na ce ikon Allah, yarinyar da ke cin farcenta har jini? Ashe na kanti ne, manna su ake yi da gam. To ke da kike babban birni, ki je a manna miki ana gobe rawa, ki yi wa Waliyyi kiɗansa, ki cire, ki koma wa farfesarki da guntayen yatsunki. Wa ya yi asara? Babanki ba ya gani. Na riga na ce masa kin bar farce yana tsiro, har ya yi dariya ya nemi kofi.

Sauran shiri duk na kaina ne. Zan yi teburin Waliyyi da kyandir da furanni, in barbaɗa garin alkama a ƙasa a gabansa yadda ake yi. In gari ya waye aka ga sawun ƙaramar ƙafa a ciki, to ya sauko ya taka rawa, ya karɓa ke nan. Rawar Waliyyi nawa na gani a rayuwata, sau biyu kawai na ga sawun. Babanki ba ya zancen komai sai shi.

Ki ba ni amsa da wuri.

Ercilia

*

Bogotá, 11 ga Afrilu

Gwaggo, ki sa mini albarka.

Na je na tambaya. Mai shagon ta ce farcenta ko wanki aka yi da shi ba ya fita. Na ce kiɗa fa, dare guda cur? Ta ce ita ba ta taɓa manna wa makaɗi ba, amma za ta ninka gam ɗin.

Zuciyata ba ta kwanta ba. Ke kika koya mini cewa kayan aro ba ya rufe katara. Amma ban ga wata hanya ba, kuma ba zan iya zama a nan ina ƙirga feda Baba yana jira ba. Zan shigo motar safe ranar sha shida ga Mayu. Kar a gaya wa Farfesa, wato kar ki rubuto wa makaranta komai, na san halinki.

Nohemí

*

Sashen Kiɗa, Bogotá, 26 ga Mayu

Zuwa ga Malama Nohemí Parales,

Bayan gaisuwa. Ina sanar da ke cewa kwamitin jarrabawa ya zauna, kuma bai amince da kiɗanki na ranar ashirin da biyu ga wata ba, kasancewar kin tsaya a tsakiyar kashi na biyu ba ki ƙarasa ba. Bisa ƙa'ida, wannan ita ce damarki ta ƙarshe a wannan shiri.

Wannan na rubuta a matsayin shugabar kwamiti. A matsayin malamarki kuma, na ga yatsanki lokacin da kika cire bandejin. Da kin zo mini tun a Maris, da na hana ki, kuma na san da ba ki ji ba. A shekarun da na yi ina koyarwa, ɗalibai kaɗan ne suka zo mini da kunne irin naki. Ki je asibiti a duba yatsan kafin ya ruɓe. Ki kuma mayar da makullin ɗakin gwaji ga ofis.

Na gode.
Farfesa Griselda Amézquita

*

Bogotá, 3 ga Yuni

Gwaggo, ki sa mini albarka.

Na faɗi. Ga takardar Farfesa nan na haɗo miki, ki karanta ke kaɗai.

Kina wajen gashin nama, ba ki ga abin da ya faru ba, ni kuma na ɓoye. Da farko komai ya tafi daidai. Kin ji yadda arpar ta buɗe murya, har tsohon mai caki ya ce, "Kai, 'yar Eliodoro ba ta manta gida ba." Na yi murna, Gwaggo. Rabon da in ji daɗin kiɗa haka tun kafin in zo garin nan. Can rawa ta yi zafi, ana buga ƙafa, sai farcen yatsana na tsakiya ya maƙale a tsirkiya. Gam ɗin da aka ninka bai saki ba. Nawa na ƙasa ne ya saki, ya taso tare da shi. Na naɗe da hankici na ci gaba da sauran yatsun, domin in kiɗa ya tsaya kafin rana ta fito an ce bakance ya karye. Jinin da kika gani a rigata, na ce miki na maraƙi ne.

Sauran faratan kuma da na zo cirewa a Bogotá, sun tafi da rabin kaurin nawa, kantar da na tara shekara biyu ta jiƙe da maganin cirewa ta saɓule. Na hau dandamali a haka. Kashi na farko na daure. A na biyu tsirkiya ta yi santsi, na duba na ga ja. Na miƙe na sunkuya musu na fita. Wani malami ma ya buɗe mini ƙofa.

Ba tsuntsu ba tarko, in ji masu magana. Ba na zargin ki, ni na kai hannuna shagon. Likita ya ce farcen zai dawo wajen ƙarshen shekara, wataƙila a karkace. Yanzu ko ta otal ba zan iya ba. Ina zaune a ɗaki, ban san abin da zan yi da safiya ba in ta zo.

Abu ɗaya nake riƙe da shi. Da gari ya waye kika yi kira, muka taru, ga sawu a cikin garin alkama, 'yar ƙafa da yatsu biyar. Mata suna kuka. Kika kama hannun Baba kika kai shi ya shafa gefen. Na ce a raina, to ko ba komai na sauke masa kayansa.

Sai dai tun da na dawo abu biyu suna cina. Lokacin da na durƙusa yi wa Baba sallama, bai ce na yi kiɗa da kyau ba. Ya riƙe hannuna na hagu, ya bi faratan nan da babban yatsansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce motar za ta wuce ni. Na biyu kuma, na tuna ina ƙarama a bakin kogi, wata ta koya mini yadda ake dunƙule hannu a danna gefensa a yashi, a ɗiga yatsu biyar a sama, ya fito kamar sawun jariri.

Gwaggo, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Ya gane?

'Yarki,
Nohemí

*

Mata de Guamo, 20 ga Yuni

'Yata,

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba mu haƙuri. Babanki ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan ragar da yake kwanciya. Hanya ta yanke, ba yadda za a yi ki iso, mun binne shi kusa da mahaifiyarki.

Kin tambaye ni ko ya gane. Tun kiɗan farko ya gane. Ya ce mini farcen mutum ba ya irin wannan ƙarar. Ban gaya masa kin faɗi ba, ya tafi yana cewa 'yarsa ta yi digiri biyu. Ana jibi zai rasu ya sa na rufe arpar da zane saboda raɓa, ya ce in gaya miki ki bar faratan su tsiro, ba gaggawa, Mayu na dawowa, zai jira.

Zancen sawu kuma, kar ki ƙara tambaya ta.

Gwaggonki,
Ercilia