Gam Mai Ƙarfi a Kyamarar Babanki

Zuwa ga 'Yar Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Mu nan kakarki ce gwiwarta ta sake tashi, sai da sanda take kaiwa bakin ƙofa. Yayanki lafiya lau, matarsa ma zazzaɓin ya sake ta. Ni kuma da sauƙi. Kada ki dubi karkatar rubutuna, kin san da furfura na shiga aji.

Takardarki ta iso. Na karanta sau uku, na ga "Mama ta ce" har wuri tara, kuma ba ni ce Mamar ba. Na san matar nan ta koya miki gyaran kyamara, ta ba ki ɗaki a gidanta, Allah ya saka mata. Amma ban san a shekara biyu ake zama uwa ba, na ɗauka sai an yi goyo.

Kin ce in aiko kyamarar marigayi babanki ku sake mata fata ke da matar nan. Na ciro ta daga akwati. Gaskiyarki, fatar ta ƙeƙashe, gefenta ya tashi kamar busasshen ganye, wurin da babban yatsansa yake zama ya cinye har ƙarfe ya fito. Shekara ashirin da shida ni nake goge ta in ya dawo daga ɗaukar hoto, ba ta taɓa shiga hannun baƙuwa ba. Ni ma ina da hannu. Wa ya ɗinka miki jakar makaranta? Zan yi aikin da kaina.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci.

Mahaifiyarki

*

'Yar Baba,

Ina gaishe ki. Kowa lafiya, kakarki ta ce a tambaye ki ko kin manta hanyar gida.

Na gama. Da bakin ƙaramar wuƙa na ɗaga tsohuwar fatar a hankali, na kankare busasshen gam, na ɗora kowane yanki a kan takarda na zana shi. Baƙar jakar nan da babanki ya saya mini shekarar da aka haife ki, ita na yanka. Mai gyaran takalmi na bakin layinmu ya fefe mini fatar har ta yi laushi kamar kunnen jariri. Ya miƙo mini wani gam mai ruwan ɗorawa, na ce ba shi nake so ba, ya ba ni wanda in ya kama ya kama har abada. Ya yi ta tsokanata, wai Inna, kyamara fa ba dunduniyar takalmi ba ce. Na ce masa ya ji da dunduniyoyinsa.

Da na cire tsohuwar, na ga wasu 'yan ƙusoshi a ƙarƙashi, ƙanana kamar idon kiyashi. Na shafe su da gam sosai don kada su zube, na rufe. Yatsuna biyu sun manne, sai da matar yayanki ta raba su da ruwan ɗumi tana dariya. Yanzu in kin ga kyamarar sai ki rantse yau ta fito daga shago. Hannun da ake murɗa fim ne kawai ya ɗan yi tauri, ina jin rashin aiki ne.

Na ga hoton da kika sako. Kin rame. Ita kuma matar ta dafa kafaɗarki kamar wani zai ƙwace ki. Na jingine shi a kan tebur, sai dai kwalbar man shafawa ta ɗan tare gefen matar, ban matsar ba.

Ki gaya mata ba sai ta wahala ba, an yi a gida.

Mahaifiyarki

*

'Yata,

Ina gaishe ki, ko da yake ke ba ki gaishe ni ba. Layi biyar kika rubuto, ko kakarki ba ki tambaya ba. Na ce mata kin gaishe ta.

Ban sani ba. Wallahi ban san ta ƙarƙashin fatar ake kwance ƙusoshin a shiga cikin kyamara ba, ban kuma san da gangan masu sana'arku suke sa gam mai rauni don na baya ya iya ɗagawa ba. Ni a sanina, abin da kake so ƙarfi kake ɗaure shi. Ba ki faɗa mini cikinta ma yana son gyara ba, ba ki faɗa mini da ita kike so ki nuna kin ƙware a sallame ki ba. Matar nan kika faɗa wa. Hannun fim ɗin yanzu ko motsi ba ya yi. Na zauna da kyamarar a cinya tun safe, na rasa abin da zan ce wa babanki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan layukan da matar ta ƙara a ƙasan takardarki, da rubutunta mai kyau kamar na buga littafi. Wai kada in damu, ta ga wadda ta fi wannan lalacewa, za a jiƙa gam ɗin a bi shi sannu a hankali ko da zai ɗauki wata, wai kuma wadda ta iya zana fata a takarda ba a koya mata ba, a wurinta 'yarta ta gaji hannu. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Yanzu ina zan kai haushin?

Direban da yake kai muku saƙo zai tashi ranar Alhamis. Na naɗe kyamarar a tawul, na sa tsohuwar fatar a ambulan, har da yankin yatsan babanki. Abu ɗaya nake roƙo. Murfin baya, inda ake sa fim, na duba ba ƙusa ko ɗaya a wurin, kuma nan ne ya fi fita daidai. Ku ɓare duk sauran, amma ki tambaye ta ko za a bar mini wannan. Ke nake so ki tambaya, kuma ke nake so ki ba ni amsa da hannunki, ba ita ba.

Ki amsa kafin Laraba. In ban ji daga gare ki ba, ba zan ba direba ba, ni zan rungumo ta in shigo motar, in zo in ga matar nan da idona.

Mahaifiyarki