Dawar da Na Niƙa

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinki. Sa'adatu ce, babbar 'yarki. Raina a ɓace yake, kuma rabin fushin da kaina nake yi.

Kin tuna damin dawar da kike ratayewa a saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari? Kafin girbi kike shiga hawasha, gonarmu ta bakin tur'a, magudanar ban ruwa, ki zaɓi manyan zangarniyoyi da hannunki. Idan muka miƙa hannu sai ki buge shi, ki ce, "Wanga iri da ƙahwa yaz zo daga Sakkwato, ba abinci ba ne." Kakanninmu sun keto sahara da shi, suka yi yunwa a hanya, ba su ci ba. Duk 'yar da za a kai gidan miji kuwa, sai kin ƙulla mata tafi guda a bakin zane.

Inna, ni na niƙa shi. Nawa da naki duka.

Shekarar da kika rasu Yaya Haruna ya dawo daga Saudiyya da waya da famfon hasken rana. Ba zan ci amanar gaskiya ba, famfon ya raba mu da ɗaukar ruwa a ka, wayar kuma ta sa muna ganin fuskar 'yan'uwa da ke bayan teku. A tsakiyar wannan murna aka kawo irin kamfani daga ƙasar waje, cikin buhu mai sheƙi, an rina shi ja. Damina ɗaya rumbu ya cika. Haruna ya dubi daminki ya ce tarkacen tsofaffi ne, ni ma na yi dariya. Da sadakar cikar shekararki ta zo, na sauke shi na niƙa, aka yi gurasar kisra aka raba. Har ina jin na yi miki abin kirki.

Ba wanda ya gaya mana cewa irin nan ba ya haifar kamarsa. Mun ajiye daga cikinsa muka shuka, ya fito wani dogo wani gajere, rabi ba ido. Ashe an yi shi ne don kowace shekara ka koma ka sayo, ka haɗa da takinsa da maganinsa. Ƙasar ma ta koyi kwaɗayi, in ba taki ba ta motsawa. Wane irin mutum ne zai zauna a ƙasar da bai taɓa jin sunan garinmu Wad Haddad ba, ya ƙera abin da zai hana mace ajiye irinta?

Sai yaƙi ya toshe hanya. Masu buhu mai sheƙi suka ɗauke ƙafa, ko sallama babu. Hadari ya haɗo, muna tsaye da gona a share, hannu wayam.

Da wayar tasa na kira Hauwa a garin Suki, ƙanwata da muke tsokana da cewa ta tsufa tun tana amarya. Ashe ƙullin da kika yi mata bai taɓa yankewa ba, kowace shekara tana shuka layi biyu a bayan gidanta. Ba ta yi mini gori ba, shi ya fi yi mini ciwo. Ta aiko da kofi ɗaya a hannun wani direba, da saƙo: "Ka ce ma Yaya kar ta niƙa."

Ya tsiro, Inna. Layi huɗu ne kacal, ba za su ciyar da mu wata guda ba. Yanzu zangarniyoyin sun nuna, abincinmu sau ɗaya ne a yini, yara suna wucewa suna kallonsu. Jiya Amina, jikarki mai shekara biyar, ta miƙa hannu za ta karya ɗaya. Na buge hannun. Ta yi kuka, ni ma na juya baya na yi nawa, don sai a lokacin na san abin da kike ji idan kin buge namu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Mu kuma Ya ba mu haƙurin kai damin nan damina mai zuwa. Ki yafe mini.

'Yarki mai kunyar ki,
Sa'adatu